Masu Kallon Moulin Rouge da Uzurorinsu

Tun 1889 da Joseph Oller da Charles Zidler suka buɗe gidan rawa na Moulin Rouge a gindin unguwar Montmartre ta birnin Paris, hajar gidan ba ta sauya sosai ba: 'yan mata masu cilla ƙafa sama a rawar kankan, 'yan alkafura, da masu barkwanci. Da gangan aka gwama ukun. Da tsiraici zalla ake nunawa, da kunya ta hana rabin masu kujerun nan zuwa. Alkafura da ban dariya su ne mayafin da ɗan kallo ke yafawa ya shiga, kuma kowa da irin yafawarsa.

Na farko shi ne masanin fasaha. In ka tambaye shi, zai ce Toulouse-Lautrec ne ya kawo shi, mai zanen da ya yi wa gidan hoton talla a 1891. Ya haddace tarihin La Goulue, tauraruwar rawar wancan zamani, har sunanta na yanka, Louise Weber. Sai dai da zarar mai wasa da ƙwallaye ya hau dandamali, masani ya shiga duba agogo; ƙaunar fasaha ba ta dawo masa sai 'yan mata sun dawo. Kusa da shi mai Allah-wadai ne, wanda ya zo ganin lalacewar duniya da idonsa don ya gargaɗi na baya. Kujerar gaba ya saya, domin ba a yanke hukunci daga nesa. Yana girgiza kai, yana tsaki, yana gyara zaman tabarau, kuma ba zai motsa ba sai an sauke labule. Ana so ana kaiwa kasuwa.

Abin tausayin shi ne maigidan da ya zo da uwargida. A daren nan ya zama ƙwararre kan rufin ɗaki da fitilu. Tafinsa mafi ƙarfi na ƙaton da ya ɗaga abokinsa da hannu ɗaya ne, sauran lokaci kuwa yana karanta takardar abinci da ya riga ya ci. Ita uwargida ba dandamali ta biya kuɗin kallo ba, ƙwayar idonsa take gadi. Ɗan yawon buɗe ido kuma fushi yake, don an hana ɗaukar hoto, kuma a wurinsa abin da bai shiga waya ba bai faru ba. A Las Vegas ta Amurka akwai wani iri na daban. A wasanni irin su Absinthe, da aka fara a can a 2011, ɗan barkwanci kan tsokani 'yan sahun gaba, har ya jawo wani dandamali. Nan za ka ga jarumin da ya yi ta cika baki a hanya ya duƙa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

Wani zai ce an zalunci mutane, ai akwai gwaninta ta gaske a wurin. Akwai kuwa. Ba a ɗaukar 'yar rawa a Moulin Rouge sai ta ƙware a rawar bale, kuma sau biyu ake wasa kowane dare. Mai lilo a igiya kuma da wuyansa yake caca. Amma da gwaninta kaɗai ake nema, ga Cirque d'Hiver nan a Paris tun 1852, inda ake zuwa da yara, ba mai buƙatar ambaton Toulouse-Lautrec. Wani kuma ya ce to ashe sha'awa ce kawai. Wannan ma bai cika ba. A 1892, babban tauraron Moulin Rouge namiji ne sanye da kwat, Joseph Pujol, wanda sana'arsa tusa ce: da ita yake kwaikwayon ƙarar igwa, da ita yake kashe kyandir, manyan gari na dariya har da hawaye. Abin da ake saye a ƙofa shi ne izinin kallon abin da ake kawar da kai gare shi a waje, ba tare da an zubar da girma ba.

Saura mutum ɗaya, wanda in an tambaye shi zai ce 'yan mata ya zo kallo. Duk zauren shi kaɗai ya faɗi gaskiya, kuma shi ne sauran ke kira ɗan iska.