Bazazzagi Ya Sayi Jif, A Nemo Masa Matakala

Bawana Bazazzagi, barka da arziki. Labari ya iso mana Kano cewa ka shiga Land Cruiser, wadda 'yan gari ke kira V8. Allah ya sa a kashe lafiya. Sai dai mai kawo labarin bai rage komai ba: wai ranar da ka ɗaga bonet a ƙofar gida za ka duba baƙin mai, duga-duganka kawai aka hango suna lilo a iska, yaran unguwa na ta salati.

Ban ga laifinka ba, ba kai ka halicci kanka ba. Laifinka ɗaya, ba ka shawarci ubangidanka ba kafin ka biya kuɗi. Da na gaya maka wannan samfurin da Toyota ta yi ta ƙerawa daga 2007 zuwa 2021 tsayinsa ya doshi mita 2, nauyinsa ya haura tan biyu da rabi, kuma tsakanin cikin motar da ƙasa akwai kusan santimita 23. An ɗaga ta ne don ta keta yashi da kwazazzabai, ba don zagayen Tudun Wada ba, da aka ɗaga ta kuwa duk abin da ke cikin bonet ya bi ta sama. Tulun man birki yana can ƙurya kusa da gilashin gaba. Dogo ma sai ya yi ɗage ya kwanta da ciki kafin ya leƙa shi, balle kai da a sahun sallah ake zaton an bar gurbi.

Na san dabarar Zagezagi: a rufe bonet a ce babbar mota ba ta shan mai. To, injin nan mai silinda takwas yana ɗaukar baƙin mai sama da lita 7, ranar da ya ƙafe ba ka sani ba, kuɗin da za a kira maka a Ƙofar Ruwa sai ka ɗaga gonar gado. Saboda haka dubawa dole ce. Ka ajiye ta inda ƙasa ta daidaita, ka kashe inji, ka ba shi 'yan mintoci man ya sauko, sannan ka zare geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Murfin lagireto kada ka kuskura ka taɓa shi da zafi, ga shi dama fuskarka daidai bakinsa take. Babbar riga kuma a tuɓe ta tukuna. Na san ba ka rabuwa da ita ko a gona, amma fanbel bai san sarauta ba. In hunturu ya kama, ka riƙa buɗe gidan filtar iska, ƙurarmu ba ta jiran ranar sabis.

Kada in ji an ce ka taka bamba, roba ce. Amurkawa masu Suburban da Escalade sun daɗe da gano maganin abin: wata 'yar matakalar ƙarfe da ake rataya wa tayar gaba, mutum ya hau ya yi aikinsa. Mai walda a Sabon Gari zai haɗa maka irinta. Ka ce ya yi taka hawa biyu.

Amma Allah ba ya hana bawa duka. Filtar baƙin mai ta ƙasa ake kai mata, bayan an kwance farantin ƙarfen da ke kare cikin motar. Giyarta ba ta da gejin zarowa, ta ƙasa ake auna manta. Safaya ma a ƙarƙashin baya take rataye, da sandar ƙarfe ake murzo ta. Nan ne bakanike zai nemi rami, kai kuwa sunkuyawa kaɗan ta ishe ka. Ka dai tabbata ba jak kaɗai ke riƙe da motar ba, kuma in safayar ta sauko ka kira mai faci, don ban san wanda zai mirgina wani ba tsakaninku.

In duk wannan ya yi maka yawa, kuɗin sharar da nake bin ka tun Muharram na yafe. Ka aiko da makullin kawai, ka cika mata tanki a Kwangila.