Ɗalibi ko Ɗan Aike?

Ɗalibin Madawa da ke Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, karatu biyu yake yi. Ɗaya a aji, ɗaya a hanya: Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, wajen kilomita 500.

Ranar komawa, duk unguwa sai ta tuna tana da dangi a Yamai. Inna ta ƙullo ƙuli-ƙuli. Kawu ya turo buhun albasa, wai "ba nauyi". Maƙwabciya ta miƙo ƙullin kuka, kwatancen gidan kuwa: "kusa da masallaci". Littattafai? In wuri ya rage.

Da aka buɗe jami'a a Tawa a 2010, 'yan Keita da Buza sun yi murna, tafiya ta gajarta. Dangi sun fi su murna. Yanzu kowane mako akwai aike.