A Kori 'Yan Kallo, A Bar Koci

Daga Karare zuwa Batsari, daga Ruma har Safana, akwai wata sana'a da ba a zuwa koyonta wurin kowa, ba ta buƙatar jari, kuma ba a taɓa sallamar mai yin ta ba: horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa daga bencin mai shayi. Da zarar labari ya iso cewa an ci Katsina United, kafin shayi ya huce majalisa ta yanke hukunci. Mutumin da rabonsa da gudu tun ranar da kare ya biyo shi yana yaro, shi ne zai bayyana cewa 'yan wasa ba su da numfashi. Wanda bai iya tsara 'ya'yansa su yi layin cin tuwo ba, shi zai zana yadda ya kamata a jera 'yan baya. Hukuncin kuwa ɗaya ne kullum: "Malam, kocin nan bai san aikinsa ba, a kore shi kawai." To, tunda korar ce maganin da muka yarda da shi, bari mu buɗe littafin lissafi mu ga wanda ya fi jawo wa ƙungiyoyinmu asara. Ni dai lissafina ya nuna cewa takardar sallamar 'yan kallo ya kamata a fara bugawa.

A watan Afrilun 2022, Katsina United ta je Kano wasa da Kano Pillars a filin Sani Abacha. Babu wanda ya ci wani, amma magoya bayan masu gida suka ga abin ya ishe su, suka faɗa fili, aka tashi wasa, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ƙwace wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9. A ƙarshen wannan kakar Pillars, mai kofin gasar Najeriya huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukunin 'yan dagaji, Katsina United ta rufa mata baya, kamar dai maƙwabtan da suka yi faɗa da safe suka tsinci kansu a mota ɗaya da yamma. Dukkansu sun dawo a 2023, kuma mai hankali zai ɗauka an ji jiki. Ina! A Oktoban 2025 Shooting Stars ta farke ci a mintunan ƙarshe a Kano, 'yan kallo suka sake tsallakowa, suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Aka sake zare maki uku, aka rufe filin, aka ce Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Katsina. Mu kuma Katsinawa, da yake ba ma son a fi mu, cikin Nuwamba aka yi rikici a wasanmu da Barau FC har ɗan wasansu ya ji rauni, aka ci mu tara, aka tura mu Jos. Wato an kawo mana baƙo ya zauna a filinmu na Muhammadu Dikko da ake kira Karkanda, sai maigida ya yi abin da ya sa aka fitar da shi daga gidansa.

Yanzu a auna. Koci mafi rashin dabara, idan ya kwana yana shirya kuskure, iyakar ɓarnarsa a wasa ɗaya ita ce a rasa makin wannan ranar. Ɗan kallo mai dutse a hannu kuwa yana iya komawa baya ya cinye makin da aka riga aka sha wahala aka samu, ya haɗa da tarar miliyoyi, ya kuma mayar da wasannin gida na waje. A gasar da kowa ya san cin wasa a gidan wani sai an yi da gaske, wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce. Babu kocin da ya taɓa kai wannan matsayi, ko da ya je kwas a Turai. Abin ban dariyar shi ne mai jifan ne zai riga kowa isa majalisa washegari, ya duba teburin gasa, ya girgiza kai, ya ce koci ya kashe ƙungiya.

Za a ce, ai ƙauna ce, wanda bai damu ba ba ya fushi. Haka ne, sai dai ya kamata a binciki wannan ƙauna. Masoyin namu ya san sunan mai tsaron gidan Arsenal na biyu da farashin da aka saye shi, amma a tambaye shi 'yan wasa uku na Katsina United sai ya fara tari. Yana biyan kuɗin gidan kallo ba gardama, idan janareta ya mutu ya jira cikin zufa, amma a ƙofar filin Muhammadu Dikko sai ya tuna cewa mai tsaron ƙofar ɗan ƙanwar abokin yayansa ne. Ƙungiyar da ba ka sayi tikitinta ba, ba ka sayi rigarta ba, ba ka san ranar atisayenta ba, kana da ikon yi mata addu'a, amma ikon yi mata jifa yana buƙatar rasit.

Za a kuma ce alƙalan wasa na zalunci. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin ita kanta hukumar gasar takan dakatar da alƙalai saboda rashin iya busa. Amma ba a taɓa jin alƙalin da ya sha duka ya tashi ya soke cin da ya riga ya bayar ba. Abin da ake samu shi ne rahoto, sai wasiƙa, sai tara.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa koci albashi yake karɓa, don haka dole ya ɗauki laifi. Na yarda, idan albashin ya zo. Mafi yawan ƙungiyoyin gasar nan, har da ta Katsina da ta Kano, mallakar gwamnatocin jihohi ne. Gwamnati ke naɗa shugabanni, ita ke sakin kuɗi lokacin da ta ga dama, kuma 'yan wasa kan shafe yini da kwana a mota kafin su isa Aba ko Fatakwal, su sauko ƙafa a kumbure a ce su yi gudun minti 90. Duk wannan ɗan kallo ya sani sarai. Amma shugaban ƙungiya yana zaune can sama inda dutse ba ya kaiwa, kuma idan an haɗu da shi a ɗaurin aure "ranka ya daɗe" ake ce masa, a rusuna. Koci ne kaɗai Allah Ya ajiye a bakin layi, tsaye, ba ko inuwa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ita korar ma, ina amfanin da ta yi? Usman Abd'Allah ya ci wa Enyimba kofi a 2019, shekara ba ta zagayo ba aka sauke shi. Ranieri ya ɗauki kofin Ingila da Leicester a 2016, aka sallame shi a Fabrairun 2017. Magoya bayan Manchester United na gidajen kallonmu, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya, sun ga an sauya koci bayan koci tun da Ferguson ya ajiye aiki a 2013, kuma kofin gasar bai sake leƙo su ba. Shi Ferguson ɗin ya zo a 1986, bai ɗauki kofin farko ba sai 1990. Da a majalisarmu yake, da tun kafin kaka ta biyu an raka shi tasha. A nan gida, Remo Stars ta bar Daniel Ogunmodede ya zo na biyu sau biyu a jere, ba ta kore shi ba, a 2025 ya kawo kofi. Manomin Batsari ya fi kowa sanin cewa ba a tone rogo duk mako don a ga ko ya yi saiwa, amma da ya ajiye fartanya ya kunna rediyo sai wannan ilimi ya bi iska.

Saboda haka ga shawarata ga hukumar ƙungiya. Duk ɗan kallo a ba shi kwantiragin wasa uku. Idan ya yi jifa, ko ya hau katanga, ko ya zagi mahaifiyar mai ɗaga tuta, a kira taron manema labarai a gode masa bisa gudummawar da ya bayar, a yi masa fatan alheri, a ce an rabu cikin fahimtar juna. A naɗa ƙanensa ɗan kallo na riƙon ƙwarya. Kuɗin sallamarsa kuma a ce ya dawo bayan an sa hannu a kasafin kuɗi, ya bi layi bayan tsofaffin kocin da ke jiran nasu.