Masu Kwantar da Mota da Masu Ɗaga Ta

Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, shokozoba kuma ya hana ta yin ta tsalle in ta faɗa rami. Akwai kuma wani bututu mai zare da ake zura wa shokozoba, da zobba biyu, ɗaya sifirin ya zauna a kai, ɗaya ya kulle shi. A murɗa sama mota ta miƙe, a murɗa ƙasa ta durƙusa. A garejin Dutse, da mutum ya faɗi inda yake so a murɗa, an san ko wane ne.

Ɗan gaye ƙasa yake so. Ya ga motocin Japan a TikTok, ya yi odar bututun ta waya, ya kawo Hondar babansa. Bakanike ya ce masa tsohon shokozoba ba zai jure gajeren sifirin mai tauri ba, zai yi aman mai. "Oga, kai dai murɗa." Aka murɗa har kyanwa ba ta iya shiga ƙarƙashi. Daga ranar kowane tudun rage gudu ya zame masa jarrabawa: abokai su sauka, shi ya hau a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan acaɓa na zuba masa hon, salansa na kartar kwalta. Girisi kuwa bai taɓa shafa wa zaren ba. Ƙurar hunturu ta shiga, taɓon damina ya bi. Ranar da aka sa masa biki, aka ce garin amarya yana can bayan Kiyawa kuma hanyar burji ce, sai ga shi da sassafe a ɗaga masa mota. Zobe ya ce bai san zancen ba. Yaron gareji ya wuni da guduma da kurfi.

Direban Golf mai zuwa kasuwannin Shuwarin da Gujungu sama yake so, kuma ba ya sayen bututun kowa. A yanko robar tsohuwar tayar tirela a cusa, ko a sa sifirin babbar mota. In ba kaya, motar ta ɗaga baya kamar kaza mai tsattsagar tsaba. Sai an loda buhunan riɗi, akuya biyu, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, sannan ta daidaita. A ganina shi kaɗai ya san abin da yake nema, ko da yake fasinjansa da ciwon ƙugu suke sauka.

Sai ma'aikacin sakatariya, wanda tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 iyalinsa ba su baro Kano ba. Juma'a ya tafi, Litinin ya dawo, kullum motarsa da sabuwar ƙara. Da baki yake kwaikwayonta: "Ba ƙwas-ƙwas ba, Malam, gurum-gurum." A ce masa shokozoba biyu ake canzawa tare, ya ce a sa ɗaya tukuna, ɗan Beljiyam da ya tsinto a Ƙofar Ruwa, ɗayan sai an yi albashi. Kuɗin saita ƙafa ma ya ce a bari. Mota ta jirkice gefe, taya ta cinye ta ciki, ya ɗora wa gwamnati laifi.

A kan benci kuma akwai dattijo mai cin dabino, ba shi da mota, ba a kuma ɗaure noti bai sa baki ba. Duk wanda ya zo, hukuncinsa ɗaya: tun da aka daina haɗa Fijo 504 a Kaduna ba a sake yin mota ba. Bakanike ya ce, "Baba, to ina taka Fijon?"

"Tana Birnin Kudu. Shokozoba take jira."