Tubalin Taubashina na Gashuwa

Taubashina, labarinka ya riga motar kifi isowa Nguru. An ce ka sayi bokitin fenti shida, ka gangara bakin Komadugu ka ɗebo lakar fadama ka danƙara, ka zuba ɗanyen kashin kaji, ka dasa tumatir. Sati biyu sai ga tubali shida jere a tsakar gida. Goggo ta ce ka ƙaro ɗari a kai mu ta da ɗakin amarya.

Ni ban ga laifinka ba. Mutumin Gashuwa komai ya gani kifi yake zato, shi ya sa ka ƙi huda gindin bokitin, kada ruwa ya tsiyaye tarwaɗa ta mutu. Tun 2013 aka ba ku jami'ar tarayya, amma ƙusa da guduma sun gagare ka! Saiwar tumatir numfashi take so. Laka a bokiti in ta jiƙe sai ta toshe, in ta bushe ta tsage ta tsinka saiwa. Ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne.

Gyara zama in koya maka. Kwano biyu na ƙasar gindin gawo, inda ganye da kashin dabbobi suka daɗe suna ruɓewa. Kwano ɗaya na takin awaki da ya kwana wata uku, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Sai kwano ɗaya na buntun shinkafa, wannan da kuke tsallakewa tsibi-tsibi a bayan injin casa. A babbaka shi, a kashe wutar da ruwa tun bai zama toka ba. Cakuɗa, yayyafa ruwa, dunƙula a tafin hannu. In ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, to ya yi. In ya tsaya ƙiƙam kamar kai ranar biyan bashi, ƙara buntu.

Kada kuma haushi ya kai ka Tulo-Tulo ɗebo zallan rairayi, ruwa zai bi ta cikinsa kamar rariya. Idan Afrilu ya shiga, zafi ya haura digiri 40, ka naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu, da azahar ka ja shi inuwar darbejiya, kada saiwar ta dahu kafin miya.

Kuɗin sharata na bana da tumatir nake so. Tubalin ka riƙe abinka.