Tarwaɗa Ba Ta San Zumunci Ba

Mai sabon tafkin kifi yakan ɗauka da magini ya gama shafe, sai zuba 'ya'yan tarwaɗa. Ina! Ɗanyen siminti yana sakin sinadarin da ke kashe su, sai an jiƙa shi na makonni ana canza ruwa.

Daga nan kuma sai halin tarwaɗa ya fito: babba ta haɗiye ƙanwarta, ko zaman makoki babu. Shi ya sa ake tankaɗe su lokaci-lokaci, manya gefe, ƙanana gefe. Abincinsu kuwa yakan lashe fiye da rabin kuɗin kiwon, har maigida ya fara yi musu kallon baƙin da suka ƙi tafiya.

Zalɓe da guza ma sun samu labari, ba su jira goron gayyata ba.