'Yan Tseren da ke Ƙarƙashin Rumfa

Takardar gayyatar a jakar 'yata ta iso gida, zoɓo ya cinye rabinta. Ragowar rubutun ya nuna cewa ran Asabar za a yi intahaus, kowane yaro ya zo da rigar gidansa, kuma akwai wasannin iyaye da yara. Gidan Kore aka jefa mu. Ba wanda ya nemi shawararmu, kamar yadda ba a tambayar mutum unguwar da yake so a haife shi.

Raba ɗalibai gida-gida gadon makarantun kwana ne na Ingila, ya shigo mana ta irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda daga baya ta zama Barewa. A can samari ne da gemu ya fara tsiro musu ke kare martabar gida. Yau abin ya gangaro har kan 'yan nazare, mutanen da ke zuwa makaranta da famfas a jaka. Ɗan shekara biyu da rabi bai ma san ana tsere ba. Tun 1932 wata Ba'amurkiya mai nazarin yara, Mildred Parten, ta bayyana cewa ƙananan yara wasan gefe da gefe suke yi, kowa na kusa da ɗan'uwansa amma sabgar gabansa yake. Kowace kaka a Kano ta san haka ba tare da ta taka Amurka ba. Shi ya sa da an busa usur sai ɗaya ya ruga gaba, ɗaya ya juya baya, ɗaya ya tsuguna yana nazarin tururuwa, sauran su ɓare baki. 'Yan tseren gaskiya suna ƙarƙashin rumfa, a kan fararen kujerun roba, kuma su na zura wa ido.

Wanda ya fara isowa shi ne Tsohon Ɗan Tsere. Tun ba a gama zuba farar ƙasa a layi ba yana gefe da sabon kambas yana miƙe gaɓoɓi, teɓa na binsa a baya. Kafin ka zauna ya sanar da kai cewa a sakandare shi ke wa gidansu mita 100, har filin Ahmadu Bello na Kaduna an taɓa kai su. Ya haddace daƙiƙa 9.58 da Usain Bolt ya yi a Balin a 2009, yana faɗinta kamar tare suka yi. Wasan da aka kira shi mai sauƙi ne: uba ya riƙe hannun ɗansa su yi taku ashirin. Ana busa usur ya manta da zancen ɗa. Ya isa layi shi kaɗai yana ɗaga hannu, yaron na can inda aka fara yana tsotsar wuyan riga. Da aka ce a sake, a taku na biyar ya tsaya cak ya waiwaya yana neman wanda ya harbe shi a dunduniya. Babu kowa. Haka jijiyar agara take yi wa magidancin da ya kwana shida a kujera ya tashi rana ta bakwai da gudun ɗan sha bakwai. Mutum biyu suka tallabe shi, yana ta bayanin cewa filin ne ba a daidaita ba.

Alhaji Mai Babbar Riga zama kawai ya zo yi. Mai lasifika ya yi ta kirarinsa har Alhaji ya tsinci kansa a tseren buhu. Ya miƙa hula, waya biyu da makullin mota, aka shiga shawarar yadda za a cusa shadda mai sitaci cikin buhun masara. Tsalle uku ya yi, na huɗun ƙasa ta karɓe shi. Yana tashi ya karkaɗe jiki ya sanar da gudummawar katan goma na lemo, tafi ya binne maganar.

Sai Hajiya Lauya, wadda nake jin tsoronta har yau. Fagenta tseren cokali da ƙwai, ko da yake tsadar ƙwai ta sa an koma lemun tsami, sunan ne kawai bai canja ba. Uwa ta kai rabin hanya, ta miƙa wa yaro cokalin ya ƙarasa. Hajiya ba gaba take kallo ba, hannun abokan takara take kallo.

"Anti, don Allah dubi babban yatsan matar nan. Danne lemun ta yi!"

Aka ce an riga an gama. Ta ce ba a gama ba, ƙanwarta ta ɗauki bidiyo. Tun da aka shigo da duba bidiyo gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, alƙalin wasa bai ƙara samun kwanciyar hankali ba, ko da kuwa alƙalin malamar aji ɗaya ce mai usur na roba. Aka taru a kan waya, ana tsayarwa ana zuƙowa. Bidiyon ya tabbatar da yatsan. Ya kuma nuna wani abu fari mai danƙo a cokalin Hajiya, wanda ya yi kama ƙwarai da cingam. Kyautar da ake wannan shari'a a kanta bokitin roba ne, irin wanda ake rabawa a biki.

Uwa Mai Waya ba ta da rigima. Ita dai ba ta ga wasan ba, sai ta je gida za ta kalla. Wasan nemo uwa ne ya tona ta: a jera iyaye mata a ƙarshen fili, a saki yara kowa ya gano tasa. Matan Gidan Kore kuwa sun yi anko, hijabi iri ɗaya har ƙasa, ita kuma ta rufe abin da ya rage na fuska da waya. Ɗanta ya zo ya duba layin nan kaf, ya wuce ya rungume ƙafar yarinyar da ke renonsa. An yi dariya, ita ma ta yi, amma wannan guntun bai hau WhatsApp ba.

A wasan nan dai na ga wadda ta fi ba ni tausayi, Mai Kunyar Ɗan Fari. Wanda ya ƙirƙiro wasan bai san akwai gidajen da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe hannu a tsakiyar fili tana kiransa. Ga surukarta zaune a layin gaba ta kafa mata ido. Sauran mata na ƙwala sunaye har da na shagwaɓa, ita ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Mai lasifika ya ƙara mata zafi: "Maman yaro, a kira shi mana!" Da ƙyar ta ce, "Kai. Kai yaron nan." Yara bakwai suka waiwayo, ban da nata. Shi ya saba, a gida ma da ido ake kiransa. Can ta ɗago ta yi masa kallo ɗaya, ya taho tiryan-tiryan ya tsaya nesa da ita kaɗan, kamar baƙo a zaure. Su suka zo na biyu.

Mai Mata Biyu kuwa makaranta ce ta shirya masa gadar zare ba da niyya ba: ɗan uwargida a Gidan Ja, 'yar amarya a Gidan Shuɗi. Tun safe yake raba tafi daidai wa daida, in ya saya wa wannan balan-balan ya saya wa waccan. Sai aka zo jan igiya na iyaye, wasan da har a gasar Olamfik an yi shi daga 1900 zuwa 1920, kuma Ja da Shuɗi ne a karon ƙarshe. Kowane ɓangare na neman namiji ɗaya. Murya biyu suka tashi lokaci guda: "Alhaji!" Nan take wayar da ba ta yi ƙara ba ta hau kunnensa, ya nufi bakin ƙofa yana cewa, "Ba na jin ka sosai." Sai bayan rabon kyauta aka sake ganinsa.

Kaka ba ta san doka ba, ba ta kuma nemi sani ba. Jikanta na yin tuntuɓe ta ratsa tsakiyar tsere da carbinta. "Wa ya kayar mini da ango?" Ta saɓa shi a kafaɗa, ta kwance bakin zane ta fito da alawa, take sauran 'yan tseren suka bar layi suka bi ta. Ta koma kujera tana mita cewa su a zamaninsu langa da carafke a dandali ake yi, ba a karɓi kuɗin riga a hannun kowa ba.

Ni kuma wasan shirin makaranta ya faɗo kaina: a baje safa, takalmi da jaka, uba ya shirya ɗansa su ruga. Ubanni shida muka durƙusa, na bakwai direban wani gida ne da aka turo wakilci. Kafin in gano bakin safa direban ya gama ya tafi. Na kusa da ni yana tambayar ɗansa wanne ne takalminsa. Na samu na cusa wa 'yata nata, muka taho tana tafiya kamar agwagwa, har Anti ta tare mu.

"Baban yara, ai a bai-bai ka sa mata."

Gidan Kore ya zo na huɗu cikin gidaje huɗu, aka sanar da ganga. A gida uwarta ta tambaye ta me aka yi a makaranta. Ta yi shiru tana tunani, sannan ta ce wata kaka ta ba ta alawa, kuma wani Alhaji ya faɗi a cikin buhu.